Yadda ake haɗa murhun kyafa sosej da ganga a bayan gida

Mutum uku na gani a unguwarmu sun sayi ganga, sun biya mai walda, amma sosej ɗin farko da kowannensu ya kyafa bai ciwu ba saboda ɗaci. Ba na yi musu dariya, don ni na riga su. Ba zan koya maka niƙa nama da ɗura shi a hanjin rago ba, na ɗauka ka iya. Maganar murhu za mu yi.

Nemi gangar ƙarfe mai cin lita 200. A Panteka, kasuwar tsofaffin ƙarafa, ba za ka rasa ba, kuma masu walda na nan kusa, ka ga ka huta da kuɗin Keke Napep sau biyu. Tambayi abin da aka taɓa zubawa a ciki, sannan ka sa hanci da kanka. Ta man girki ita ce daidai. Ta maganin ƙwari ko wani sinadari, ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa. Ta fetur kuwa tana iya fashewa a hannun mai yanka ta. In ka kawo ta gida, cika ta da itace ka babbake har fentin ya ƙone ƙurmus, ka kankare, ka wanke, ka shafe cikin da man gyaɗa.

Kada ka hura wuta a cikin gangar. Masu tsire da balangu suna son wuta kusa da nama, sosej ba ya so, kitsensa narkewa yake ya bar ka da busasshen abu kamar igiya. Gina ɗan murhu da jan bulo da laka a gefe, ka haɗa shi da gindin gangar da bututun baƙin ƙarfe mai faɗin inci 4, tsawon kamar mita ɗaya da rabi. Ɗora gangar a kan bulo don bututun ya ɗan hau sama, hayaƙi ba ya son gangara. Ban da kwanon rufi ko bututu mai farin shafe a inda wuta ke taɓawa, tururinsa guba ne. Mai walda ya ratsa rodi uku ta ƙasan murfi don rataya, ya huda ƙaramin rami daidai inda naman zai tsaya, nan za ka soka ma'aunin zafi.

Yanzu ga inda kowa ke faɗuwa: mafitar hayaƙi. Hankali yana ba mutum cewa in ana son nama ya sha hayaƙi, sai a tsare hayaƙin. Haka na yi bayan wata Babbar Sallah. Na rufe murfi ruf, na jiƙa buhu na lulluɓe, ina jin kaina gwani. Da na buɗe, cikin murfin ya yi gumi, wani baƙin ruwa mai kama da kwalta yana ɗiga a kan kilo biyar na nama. Na ɗanɗana, harshena ya yi daɓas kamar na tauna ganyen darbejiya. Uwargida ta leƙo ta ce, "Malam, wannan kuma na wa ye?" Hayaƙin da ya tsaya wuri ɗaya yana haɗuwa da tururin nama ya koma ruwa mai ɗaci. Wucewa ake so ya yi, ya shafi naman ya fita. Saboda haka a huda murfin, rami mai faɗin inci 3, a sa masa ɗan marfi mai juyawa, kuma ko da wasa kada ka rufe shi gaba ɗaya. In zafi ya yi yawa, ƙofar murhu za ka rage, ba ta sama ba. Ka riƙa duban abin da ke fita: siririn hayaƙi mai ɗan shuɗi-shuɗi, wanda da ƙyar ake gani, shi ne naka. Fari mai kauri yana tuƙuƙi, wutarka ce ta shaƙe, ba ta iska.

Gawayi ne zai ba ka zafi, itace ƙamshi kawai. Ni busasshen mangwaro ko gwaba nake sawa, guntu biyu a kan garwashi. Ban da darbejiya, ban da itacen turare, ban da katakon da ya ga fenti.

Sauran mai sauƙi ne. Rataye sosej kada su taɓa juna, a bar su awa guda a digiri 55 na Celsius ba hayaƙi har fatar ta bushe. Jiƙaƙƙen hanji ba ya kama launi. Da hunturu nan da nan ne, da damina sai haƙuri. Sa itace, ka kai zafin digiri 65 zuwa 70 na awa biyu ko uku, sannan 80, kada ka wuce. Cikin naman ya kai 71 ka sauke, ka tsoma a ruwan sanyi. Tunda naman zai daɗe a ɗumi-ɗumi, dole ka sa gishirin nitrite, wanda ke hana ƙwayoyin cuta masu guba yaɗuwa a nama, tun wajen kwaɓi, mai ƙarfin kashi 6.25 cikin ɗari, giram 2.5 a kowane kilo, da sikeli ba da ido ba. Kuma wannan ba kilishi ba ne, firji yake so. In ka san layinku ba ya samun wuta, kyafa iya wanda za a cinye ranar.