Darasi na Tara: Yadda Ake Sa wa Hinji da Makullin Ƙofar Mota Mai

Ƙofar mota ba ta lalacewa rana ɗaya. Da farko za ka ji ɗan kuka, ƙiii, idan ka buɗe ta. Bayan wasu watanni sai ta yi nauyi a hannu. Daga nan kuma ba ta rufuwa sai an buga ta da ƙarfi, har wanda ke zaune a ciki ya razana. Mutane da yawa suna jin wannan kukan kullum, sun saba da shi, sun ɗauka tsufan mota ne. Sau da yawa kuwa bushewa ce kawai: ƙarfe yana gugar ƙarfe, babu mai a tsakaninsu.

Aikin da za mu koya a wannan darasi ba ya bukatar bakanike, kuma bai fi rabin awa ba. Sai dai yana da sharaɗi biyu da za mu yi ta nanatawa. Datti ya fita kafin mai ya shiga, sannan kowane wuri a ba shi irin man da ya dace da shi.

Mu san sassan tukuna

Buɗe ƙofar direba sosai, ka duba inda ta haɗu da jikin mota. Za ka ga hinji biyu, ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa. A tsakiyar kowane hinji akwai sandar ƙarfe da ƙofar ke juyawa a kanta. A motoci da yawa sandar tana zaune cikin wani ɗan zobe da makanikai ke kira bushin. Duk nauyin ƙofar, da gilashinta da abin da ke cikinta, a kan waɗannan sanduna biyu yake.

Tsakanin hinjin sama da na ƙasa akwai wani ƙarfe mai faɗi da ke shiga cikin ƙofa yana fita. Shi ne ke tsayar da ƙofa a buɗe don kada iska ta maido ta kan ƙafarka. A nan za mu kira shi matsayin ƙofa. Kusa da shi za ka ga wata roba mai lanƙwasa kamar maƙogwaro. Wayoyin lantarki ne a cikinta, na gilashi da na sifika da na makulli. Wannan ba ruwanmu da ita, kada mai ya taɓa ta.

Yanzu koma ɗaya bakin ƙofar, wajen mariƙi. A gefen akwai wata tsaga, a cikinta akwai ƙugiya mai juyawa. Wannan shi ne makulli. A jikin mota kuma, daidai saitinsa, akwai ƙarfe mai kama da harafin U, wanda ƙugiyar ke cafkewa idan an rufe. Sai na ƙarshe, ramin da ake zura mabuɗi.

Wasu suna kiran mabuɗi da sunan makulli. A darasin nan mun raba su don kada mu rikice: mabuɗi shi ne na aljihunka, makulli shi ne na jikin ƙofa.

Wane mai, a ina

A nan ne aka fi yin kuskure, don haka mu ɗan tsaya.

Hinji da matsayin ƙofa da ƙugiya suna son giris, musamman farin giris na litiyam. Ana samun sa a gwangwanin feshi, ana samun sa a robar matsawa. Na feshin yana fita da ruwa-ruwa, ya ratsa cikin lungu, sannan ya daskare ya zauna. Ruwan sama ba ya wanke shi da sauƙi, zafin rana ma ba ya narkar da shi ya zube. Farinsa kuma yana da amfani, domin kana iya ganin inda ka sa da inda ka tsallake.

Ramin mabuɗi ba ya son giris ko kaɗan. Abin da ya dace da shi busasshen abu ne, ko garin girafayit, wato irin baƙin abin nan da ke cikin fensir, ko feshin da aka yi musamman don makulli, wanda ke bushewa ya bar santsi. Robar da ta kewaye ƙofa kuma nata daban ne, feshin silikon.

To ina WD-40, wanda kusan kowane mai mota ya san gwangwaninsa? An ƙirƙiro shi a shekarar 1953 a birnin San Diyego na Amurka, don kare ƙarfe daga tsatsa, kuma haruffan WD a Turanci suna nufin korar ruwa. Ya iya aikinsa ƙwarai: yana kore danshi, yana sassauta tsatsa, yana narkar da tsohon giris. Amma ba shi da kauri. Idan ka fesa shi a hinji kukan zai tsaya nan take, ka yi murna, bayan 'yan makonni ya dawo, domin man ya tafi kuma ya wanke ɗan giris ɗin da ya rage. Ka ɗauke shi a matsayin sabulu. Bayan wanka sai shafa mai.

Akwai kuma abubuwan da hannu ke saurin kai wa saboda suna kusa. Baƙin man da aka juye daga inji cike yake da ƙurar ƙarfe da toka, yana ɗiga, yana ɓata tufafi. Man girki yana yin danƙo idan ya daɗe, ya kama ƙura. Mafi muni shi ne man birki. Yana da santsi a yatsa, shi ya sa yake yaudarar mutane, amma yana cin fenti, kuma yana jawo danshi daga iska. Garin neman gira sai a rasa ido. Idan ba ka da man da ya dace yau, bar ƙofar ta yi kukanta zuwa gobe.

Hinji

Ajiye motar a wuri mai lebur, a fili inda iska ke kaɗawa. Ja birkin hannu, kashe inji, cire mabuɗi. Kada a sha taba ko a kunna wuta kusa, domin yawancin waɗannan feshin suna kama wuta. Idan akwai yara a wurin, a gaya musu kada wanda ya taɓa ƙofar, saboda yatsunka za su shiga inda ƙofa ke matsewa.

Kayan aikin ba su da yawa: tsumma biyu, ɗaya na datti ɗaya mai tsabta, tsohon buroshin haƙori, sukudireba, da gwangwanayen mai. Kada ka yar da siririn bututun nan da ke manne a jikin gwangwani. Da shi ake kai mai daidai inda ake so.

Fara da wanki. Fesa WD-40 ko makamancinsa a kan hinji, ka ba shi minti biyu ko uku, sannan ka goge da buroshi. Za ka ga baƙin abu yana gangarowa. Tare shi da tsumma. Wannan baƙin abu tsohon giris ne da ya haɗu da ƙura da yashi. Idan ka ɗora sabon giris a kansa, ka haɗa wani kwaɓi mai cin ƙarfe kamar dutsen wasa wuƙa. Goge har sai ka ga ƙarfe ko fenti, kuma wurin ya bushe.

Sai giris. Saita bututun a saman sandar hinji, da kuma tsagar da ke tsakanin ɓangaren ƙofa da ɓangaren jikin mota. Fesa kaɗan, kamar daƙiƙa ɗaya. Riƙe tsumma a baya don ya tare abin da ya fantsama. Yanzu kaɗa ƙofar a hankali, buɗe, rufe, kamar sau goma, ba tare da ka kulle ta ba. Wannan kaɗawar ce ke shigar da man ciki, inda gugar take. Idan kukan bai tafi duka ba, ƙara ɗan kaɗan ka sake kaɗawa.

Daga nan ɗauki tsumma mai tsabta ka share duk wanda ya rage a waje. Na san rai yana so ya ga giris jingim, a ce an yi aiki. Amma wanda ke waje ba ya yi wa sandar komai, sai tara ƙura.

Matsayin ƙofa shi ma haka: goge shi, shafa masa giris siriri sama da ƙasa, ka kaɗa ƙofar. Idan ƙofarka tana yin ƙas-ƙas yayin buɗewa, galibi daga nan ne ƙarar take fitowa.

Ƙugiya

Goge tsagar da buroshi, fesa giris kaɗan a kan ƙugiyar. Don man ya shiga, sai ta juya. Kwantar da sandar sukudireba a cikin tsagar ka tura, kamar yadda ƙarfen U zai tura ta. Za ka ji ƙaras sau biyu. Na farko rabin kamu ne, na biyu cikakke. An yi haka ne da gangan, domin idan ƙofa ba ta rufu sosai ba, kamun farko ya riƙe ta kada ta buɗe a kan hanya.

Ga wurin da za ka kula. Bayan ka tura ƙugiyar, makullin yana ganin ƙofa a rufe take. Dole ka ja mariƙin ƙofa, ka maido da ƙugiyar da sukudireba, ta buɗe baki kamar yadda ka same ta. Idan ka manta ka bugo ƙofar, ƙugiyar za ta daki ƙarfen U, ƙofar ta dawo maka, kuma ana iya lanƙwasa wani abu. Maimaita turawa da saki sau huɗu ko biyar.

Ƙarfen U ɗin, shafa masa da ɗan yatsa, siriri ƙwarai. A nan riga take gogawa wajen shiga da fita.

Idan ka gama da ƙofofi, makullin bonet da na but ma giris ɗaya suke ci.

Ramin mabuɗi

Yau motoci da yawa da rimot ake buɗe su. Akwai wanda zai shekara uku bai zura mabuɗi a ƙofa ba. Ranar da batirin rimot ko na mota ya mutu, sai ya tuna da ramin, ya zura mabuɗi, ya ƙi juyawa.

Dalilin shi ne, a cikin ramin akwai wasu 'yan ƙananan faifan ƙarfe, kowanne da sifirin ɗinsa siriri kamar gashi. Haƙoran mabuɗi ne ke jera su daidai, sannan makullin ya juya. Sifirin mai irin wannan ƙanƙanta ba shi da ƙarfin ture giris mai kauri ko danƙon tsohon mai. Faifai ɗaya ya maƙale, shi ke nan.

Tura ɗan murfin ramin da bakin bututu, ka fesa sau ɗaya a taƙaice, ko ka busa garin girafayit kaɗan. Zura mabuɗi ka fitar sau da yawa, kana goge shi da tsumma kowane lokaci. Sannan juya shi dama da hagu a hankali. Idan ya cije, kada ka sa ƙarfi, kada ka kama shi da filaya. Mabuɗin da ya karye a ciki ya fi wanda ya ƙi juyawa wahalar sha'ani. Ƙara feshi, jira, sake gwadawa.

Kada ka haɗa girafayit da mai a rami ɗaya, domin suna zama taɓo. Idan an taɓa zuba mai a ramin, yi amfani da feshin makulli. Idan kuma kana kan hanya ba ka da komai, goga bakin fensir a haƙoran mabuɗin yana iya fitar da kai, amma na rana ɗaya ne, tunda abin da ke cikin fensir gauraye yake da yumɓu. Kan mabuɗin mai rimot kada ya jiƙe. Ramin da ake tayar da mota kuwa, bar shi wa masu gyaran makulli.

Roba

Wanke robar da ta kewaye ƙofa da ruwa da sabulu, ta bushe. Fesa silikon a kan tsumma, ka bi ta da shi. Giris da man inji suna sa irin wannan roba ta kumbura ta lalace.

Inda mai ba ya magani

Buɗe ƙofa kaɗan, sa hannu biyu a ƙarƙashin ƙarshenta, ka ɗaga sama. Ƙofa mai lafiya ba ta motsi, sai dai motar gaba ɗaya ta ɗan girgiza. Idan ka ji ta ɗago ta koma da ƙwas, sandar hinji ko bushin ya cinye. Wata alamar ita ce saman ƙarfen U ya goge yana ƙyalli, saboda ƙofar ta sauko tana hawa kansa kafin ta rufu. Giris zai rage ƙarar, amma ba zai maido da ƙarfen da ya tafi ba. Wannan aikin bakanike ne. Haka ma idan ka danna rimot ka ji makulli yana gurnani bai buɗe ba, wataƙila ɗan injin lantarkin da ke cikin ƙofar ne ya gaji.

Sau biyu a shekara ya isa ga yawancin motoci. Mai bin hanyar ƙura, ko wanda ake yawan wanke masa mota da ruwa mai ƙarfi, ya ƙara. Idan littafin motarka ya ambaci wani mai na musamman, bi abin da ya ce.

Aikin aji

1. Karanta waɗannan kalmomi da ƙarfi, sannan ka rubuta su a littafinka: hinji, giris, ƙugiya, tsatsa, mabuɗi.
2. Mota tana da ƙofa 4, kowace ƙofa tana da hinji 2. Hinji nawa ne duka? Idan kowane hinji ya ci minti 3, minti nawa za ka yi?
3. Abokinka ya ɗauko man birki zai zuba a hinji. Me za ka ce masa? Rubuta jimla biyu.
4. Kafin zama na gaba, nemi izinin mai mota, ka buɗe ƙofa ɗaya, ka nuna da yatsa sassa biyar daga cikin waɗanda muka ambata. Ɗaga ƙofar kamar yadda aka bayyana, ka zo ka gaya wa aji abin da ka ji.