Kurakuran da aka fi yi wajen ba da labarin takarar Ingila da Jamus a ƙasar Farisa

Ɗalibi ko marubuci in ya tashi ba da labarin yadda Ingila da Jamus suka yi ta zawarcin Farisawa a lokacin yaƙin duniya na ɗaya, tsakanin 1914 da 1918, ramin da yake fara faɗawa shi ne ya ɗauka su biyu ne kaɗai a fagen. Ya bar Rasha, alhali ita ce ta fi kowa sojoji a ƙasar. Tun 1907 Ingila da Rasha suka zauna suka raba Iran, wato Farisa, uku ba tare da sun tambayi masu ita ba: arewa, har da Tehran da Tabriz da Mashhad da Isfahan, ta Rasha, kudu maso gabas, wajen Kerman da Bandar Abbas, ta Ingila, tsakiya kuma aka ce ba ta kowa ba ce. A 1911 sojojin Rasha suka mamaye Tabriz, a 1912 suka yi wa hubbaren Imam Rida da ke Mashhad ruwan igwa. To, da yaƙi ya ɓarke Ingila tana ƙawance da Rasha, Bafarishe mai kishin ƙasa ba ya buƙatar wani ya yi masa huɗuba kafin ya karkata ga Jamus. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Gyaran nan mai sauƙi ne: a fara labarin daga 1907, kada a fara daga 1914.

Daga nan sai kuskuren cewa Iran ta shiga yaƙin a ɓangaren Jamus. Ba ta shiga ba. A farkon Nuwamban 1914 gwamnatin Sarki Ahmad Shah, wanda a lokacin bai kai shekara 18 ba, ta yi shelar cewa ita 'yar ba-ruwanmu ce. Matsalar ita ce ba ta da ƙarfin da za ta sa a mutunta shelar. Rundunar sojan Iran da ake kira Kosak tana hannun hafsoshin Rasha, jandarmomi kuma hafsoshin Suwidin ne suke ba su umarni, da yawansu kuma zuciyarsu tana wajen Jamus. Abin da yake rikita masu karatu shi ne abin da ya faru a Nuwamban 1915. Sojojin Rasha sun doso Tehran, sai wasu 'yan majalisa, galibi 'yan jam'iyyar Dimokurat, suka fice zuwa Ƙum suka kafa kwamitin tsaron ƙasa, daga baya suka kafa gwamnatin wucin gadi a Kermanshah ƙarƙashin Nizam al-Saltaneh, da kuɗin Jamus da goyon bayan Turkawa. Sarki kuwa bai bi su ba, ya zauna a Tehran. Saboda haka duk inda aka rubuta "gwamnatin Iran" a shekarun nan, sai a fayyace wacce ake nufi.

Akwai kuma masu jingina komai ga addini. Gaskiya ne Sarkin Musulmin Turkiyya ya yi kiran jihadi a Nuwamban 1914, gaskiya ne kuma wakilan Jamus sun baza jita-jitar cewa sarkinsu Wilhelm ya musulunta har ya yi aikin hajji. Amma wanda ya ce wannan tatsuniya ce ta jawo Farisawa ya raina musu hankali. Hasan Taƙizadeh da abokansa da suka zauna a Balin suna buga jaridar Kaveh daga 1916 'yan boko ne masu neman 'yancin ƙasa. Mutanen Tangistan da ke gaɓar teku kusa da Bushehr kuwa tsohuwar gaba ce tsakaninsu da Ingila: jiragen ruwanta na yaƙi suna tare musu fataucin makamai, har sun buɗe wa ƙauyukansu wuta a 1913, kafin a san za a yi yaƙin duniya.

Wannan ya kawo mu kan Wilhelm Wassmuss, mutumin da ya fi cinye labarin. Ya taɓa riƙe ofishin ƙaramin jakadan Jamus a Bushehr, ya iya Farisanci, ya dawo kudancin ƙasar a farkon 1915 don ya tayar wa Ingila hankali. An kama shi a hanya, ya tsere, ya bar kayansa a hannun Turawan Ingila. Marubutan Turai sun so labarinsa ƙwarai, har suna kwatanta shi da Lawrence, Baturen Ingilan nan da ya taya Larabawa yi wa Turkawa tawaye, kuma daga wajensu ne muka gaji hoton Bature guda da ya tashi ƙabilu da bakinsa kawai. A ganina wannan ne kuskure mafi muni, domin yana mayar da masu ƙasa 'yan rakiya. Wanda ya ja dakarun Tangistan suka yi ta kai wa Bushehr hari, har Ingila ta mamaye garin a Agustan 1915, shi ne Ra'is Ali Delvari, kuma an kashe shi a Satumban wannan shekara. A Iran har yau shi ake tunawa a matsayin gwarzo. Da aka kama ƙaramin jakadan Ingila a Shiraz, Frederick O'Connor, da mutanensa a Nuwamban 1915, jandarmomin Iran ne suka yi kamun, kuma a ganuwar Ahram aka tsare su a hannun shugaban Tangistan, Za'ir Khidir Khan, wanda ya yi cinikin sakinsu a 1916 bisa sharuɗɗan da suka amfane shi. Wassmuss ya zuga, ya yi alkawarin zinariya da makamai waɗanda yawancinsu ba su iso ba. Bayan yaƙi alkawuran suka zame masa alaƙaƙai: ya koma yankin a 1924 ya buɗe gona don ya biya abin da ya ɗauka, gonar ba ta yi albarka ba, ya rasu a Jamus a 1931 cikin talauci. In za a rubuta labarinsa, a sa sunayen waɗanda suka riƙe bindigar a gaba.

Batun man fetur shi ma yana buƙatar taka-tsantsan. An samo mai a Masjid Sulaiman a 1908, an gina matata a Abadan, a 1914 kuma gwamnatin Ingila ta sayi kashi 51 cikin 100 na kamfanin Anglo-Persian saboda jiragen ruwanta na yaƙi sun fara barin kwal suna komawa mai. Duk wannan haka yake. Abin da ake mantawa shi ne rijiyoyin ba sa cikin rabon Ingila na 1907, suna yankin nan ne da aka ce ba na kowa ba, don haka ta tsare su ta hanyar yarjejeniya da Shehu Khaz'al na Muhammara da shugabannin ƙabilar Bakhtiyari, sannan ta saukar da sojoji a bakin kogin Shatt al-Arab. An fasa bututun a Fabrairun 1915, aikin wasu ƙabilun Larabawa da Turkawa suka zuga, ya yi 'yan watanni ba ya aiki. Amma idon Jamus ya fi kallon Indiya. Tawagar Jamusawa ƙarƙashin Niedermayer da Hentig ta ratsa hamadar Iran, ta kuɓuce wa shingen da Ingila da Rasha suka kafa a gabas, ta isa Kabul a ƙarshen 1915 don ta shawo kan Sarki Habibullah na Afghanistan ya afka wa Indiya. Ya karɓe su, ya yi ta ja musu rai, bai motsa ba, suka fice a 1916.

Kada kuma a ce "ƙabilun kudu sun bi Jamus" a dunƙule. Ƙashƙayi ƙarƙashin Saulat al-Daula sun yaƙi Ingila, musamman a 1918 lokacin da suka yi wa Shiraz ƙawanya. Abokan hamayyarsu na Khamsa ƙarƙashin gidan Ƙawam al-Mulk suna tare da Ingila. Gabar gidajen nan biyu ta girmi yaƙin, kowanne ya zaɓi Baturen da zai taimake shi a kan ɗan'uwansa. Ko rundunar da Percy Sykes ya kafa wa Ingila a kudu a 1916 da 'yan ƙasa, wasu sojojinta sun yi bore a 1918 sun juya wa hafsoshinsu baya.

Abin da ya fi ɓacewa a irin waɗannan rubuce-rubuce shi ne yunwar 1917 zuwa 1919. Fari ya zo, sojojin ƙasashen waje suna saye suna ƙwace hatsi da dabbobin dako, 'yan kasuwa da manyan masu gonaki suna ɓoye abinci, sai ga kwalara, sai ga annobar mura ta 1918. Yawancin masana tarihi suna ƙiyasta waɗanda suka mutu da kimanin miliyan 2. Akwai adadin miliyan 8 zuwa 10 da yake yawo a intanet, wanda galibin masana ba su yarda da shi ba. Wanda zai ambace shi sai ya faɗi hakan.

Sai kuskuren cakuɗa yaƙin duniya na ɗaya da na biyu. A na ɗaya gidan Ƙajar ne ke sarauta, Jamus kuma ta Sarki Wilhelm ce. A na biyu Rida Shah ne a kan karaga, Jamus ta Hitila ta zama babbar abokiyar cinikin Iran, injiniyoyinta suna aiki a ƙasar. Wannan ne dalilin da Ingila da Tarayyar Sobiyet suka bayar da suka mamaye Iran a ranar 25 ga Agusta 1941, ko da yake matatar Abadan da layin dogon da za a riƙa kai wa Sobiyet kayan yaƙi ta kansa sun fi damunsu. Rida Shah ya sauka a Satumba, ɗansa Muhammad Rida ya hau. Ƙashƙayi sun sake ɓoye wakilan Jamus a wannan karon, shi ya sa labaran biyu suke cakuɗewa. In ka ga sunan Wassmuss ko Sykes kana cikin na ɗaya, in ka ga Schulze-Holthus, ɗan leƙen asirin Jamus da ya ɓuya wajen Ƙashƙayi, kana cikin na biyu.