Yadda nake kula da sokawen gidanmu

Gidanmu a Ɗorayi yake, cikin Kano, kuma kamar yawancin gidajen garin nan, abin da ya fita daga banɗaki a ƙofar gida yake kwana, ƙarƙashin daɓen siminti. Ban taɓa waiwayar ramin nan ba sai wani watan Agusta, ana gobe sunan 'yata, mata sun cika gida, sai ga baƙin ruwa yana tasowa ta makwararar wanka.

Ranar ce mai gyaran famfo ya ɗaga murfi ya nuna mini cewa abin da muke kira sokawe rami biyu ne. Na farko an shafe shi da siminti, nan bayan gida ke kwantawa yana ruɓewa. Na biyu an bar masa kafofi tsakanin bulo, ruwan da ya tace ya gangara can ƙasa ta tsotse. Idan laka ta yi yawa a na farko ta tsallaka na biyu, ta liƙe kafofin nan, to ko an kwashe, wata biyu ya sake cika. Abin da ya same mu ke nan.

Shi ya sa nake awo duk Afrilu, kafin ruwan farko. Ka samu doguwar gora, ka naɗe gindinta da farin tsumma, ka zura a ramin farko har ta dafa ƙasa, ka ɗan dakata, ka zaro a hankali. Inda baƙi ya tsaya a tsumman, nan lakar ta kai. In ta kai kashi 1 cikin 3 na zurfin ruwan, kira motar kwasa. Kada ka bari sai damina ta kankama, lungu ya caɓe mota ta kasa shigowa. Kuma ka tsaya a kansu, don wasu ruwan sama-sama suke zuƙewa su bar maka lakar. Amma a rage 'yar kaɗan a ƙasa, kamar ɗan tsohon nonon da ake ɗiga wa madara ta kama, a gafarce ni da misalin.

Me muka tarar a namu? Famfas, audugar mata, ledar fiya wata, har da silifas ɗin yaro. Ba ɗaya da ke ruɓewa. Yanzu bokiti mai murfi ne a kowane banɗaki. Ruwan wanki da na wanke-wanke kuma na ware masa ƙaramin raminsa, don omo da maiƙo suna kashe ramin.

Masu zuba kananzir ko baƙin mai wai don wari, ku daina. Ƙwayoyin da ke ruɓar da ƙazantar kuke kashewa, man kuma ya bi ƙasa ya nufi rijiya. Maganin wari shi ne bututun iska da ya zarce rufin ɗaki, a ɗaure bakinsa da raga saboda sauro da ƙuda. Rijiya kuwa, in fili ya ba da hali, a nesanta ta da ramin mita 30.

Ko waya ce ta faɗa, kada kowa ya shiga. Iskar ciki, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, tana sumar da ƙato nan take, mai bin sa ceto ma ya bi shi. Ba ashana, ba sigari a bakin murfin. Daɓen kuma ba wurin ajiye mota ba ne. Na kafa duwatsu biyu a gefen namu tun da na ga mai tifa ya hau kai.