Yadda za ka shirya wa sauya bawul ɗin zuciya ta jijiyar cinya

Idan likita ya ce bawul ɗin da jini ke fita ta cikinsa daga zuciya zuwa jiki ya tsuke, kuma za a sauya shi ba tare da an tsaga ƙirji ba, aikin da ake kira TAVI yake nufi. Likita Alain Cribier ne ya fara yin sa a birnin Rouen na Faransa a 2002. Ana zura siririn bututu ta jijiyar gindin cinya har zuwa zuciya, a buɗe sabon bawul a cikin tsohon. Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɗakin da ake wannan aiki, kuma abin da nake fama da shi kullum shi ne mutane su ga ƙaramar huda su ɗauka ƙaramin aiki ne.

Fara da haƙora. Eh, haƙora. Ruɓaɓɓen haƙori yana sakin ƙwayoyin cuta cikin jini, su kuwa sabon bawul suke nema su maƙale. Ka ga likitan haƙori tun ba a sa ranar aiki ba, a cire na cirewa, a cike na cikewa.

Za a ɗauki hoton zuciya na eko, wato wanda ake ɗauka da sauti, da kuma na CT. Kada ka yi wasa da na biyun, domin da shi ake auna girman bawul ɗin da za a sa maka, a kuma duba ko jijiyar cinyarka za ta ɗauki bututun. Ruwan da ake ɗurawa a jijiya don hoton ya fito yana wahalar da ƙoda, saboda haka in kana da ciwon ƙoda ko na suga, ka faɗa tun da wuri. Ka zo da duk magungunanka a cikin kwalayensu, musamman na tsinka jini. Kada ka tsayar da ko ɗaya da kanka.

Akwai tambayoyin da nake so kowa ya yi. Me ya sa aka zaɓa mini wannan ba tiyatar buɗe ƙirji ba? Ga mai sauran ƙuruciya, sau da yawa tiyatar ta fi, tunda bawul ɗin bututu daga fatar da ke lulluɓe zuciyar saniya ko alade ake yin sa, kuma yana tsufa. In kana son sanin na wace dabba ne, tambaya, ba abin kunya ba ne. Ka kuma tambayi yiwuwar a sa maka na'urar daidaita bugun zuciya, don sabon bawul yakan danne hanyar wutar zuciya.

Ranar aiki za a hana ka ci na wasu sa'o'i. Da yawa ba a sa su barci mai nauyi, allurar kashe zafi ce da ɗan maganin kwantar da hankali.

Bayan an gama, ka kwanta a miƙe, kada ka lanƙwasa ƙafar sai an ce ka tashi. In tari ya zo, danne wurin da hannu. A gida, ka bar ɗaukar kaya masu nauyi na kamar mako guda, amma ka riƙa tafiya kaɗan-kaɗan kowace rana. Shatin jini a cinya ba komai ba ne. Kumburin da ke ƙaruwa, ko ƙafa ta yi sanyi ta dushe, ko jiri da suma, ko baki ya karkace, magana ta sarƙe, waɗannan ba a jira gari ya waye. Zazzaɓin da ya ƙi sauka ma, ko bayan watanni ne, ka je asibiti ka ce musu akwai bawul a zuciyarka kafin kowa ya ba ka maganin kashe ƙwayoyin cuta, domin sai an ɗebi jini an gwada tukuna.