Yadda kwamfuta za ta gwada tashin manhajar saƙonni da kanta

Kafin ka zuba sabon Telegram Desktop a kwamfutocin shagonka, fara gwada shi a kwamfutar cikin kwamfuta, kada ya ƙi tashi gaban kwastoma.

1. Sa VirtualBox, manhajar da ke ƙirƙirar kwamfuta a cikin kwamfuta, ka ƙirƙiri na'ura mai tsarin aiki na Ubuntu 24.04, ka sa mata suna gwaji. Wajen shiga Ubuntu, cikin tsarin nuna tagogi guda biyu zaɓi Xorg maimakon Wayland, domin xdotool, manhajar da za ta nemo tagar Telegram, ba ya ganin tagogin Wayland sosai.

2. Sa Telegram da kuma xdotool a cikin na'urar, kashe ta, sannan a ainihin kwamfutarka ka adana yanayinta da umarnin VBoxManage snapshot gwaji take tsafta. Don Allah kada ka tsallake wannan. Mu nan Kaduna wuta kan ɗauke ana tsakiyar aiki, fayil ya lalace. Da umarnin VBoxManage snapshot gwaji restore tsafta sai ka koma yanayin da ka adana.

3. Sake kunna na'urar, ka rubuta ɗan umarni a cikinta da zai buɗe manhajar, ya jira daƙiƙa 30, sannan ya nemi tagarta da xdotool search --onlyvisible --name Telegram. In lambar sakamakon da xdotool ya fita da ita 0 ce, manhajar ta tashi. In 1 ne, akwai matsala. Ganin sunanta a jerin ayyuka bai isa ba, tana iya gudana babu taga.

4. Ba cron, mai gudanar da umarni a lokacin da aka tsara, umarnin, ya riƙa maimaitawa kowace safiya.