Kurakuran da nas-nas suka fi yi wajen jinyar masu gazawar zuciya a Saudiyya

Tun daga wajen ƙaro ilimin ake fara kuskure. Hukumar da ke yi wa ma'aikatan lafiya rajista a Saudiyya ba ta sabunta lasisi sai awoyin ƙaro ilimi sun cika a manhajar Mumaris Plus. Sai nas ta yi ta jan ƙafa har wa'adi ya matso, sannan ta bi duk laccar da ta samu a intanet, ko ta ciwon haƙori ce. Awoyi sun cika, amma maganin zuciya ya yi gaba ya bar ta. A fara tun da wuri, a zaɓi darussan da suka shafi ɗakin da ake aiki, kamar na ƙungiyar likitocin zuciya ta Saudiyya.

Ƙa'idojin Turai na 2021 da na Amurka na 2022 sun tsaya kan magunguna kala huɗu ga wanda zuciyarsa ke fitar da kashi 40 cikin ɗari na jinin da ke cikinta ko ƙasa da haka a kowane bugu: Entresto ko dangin Zestril, dangin Concor, Aldactone, sai Forxiga ko Jardiance. Nas ɗin da ta tsaya a tsohon karatu za ta ga Forxiga a katin wanda ba shi da ciwon suga, ta ɗauka likita ne ya yi kuskure. Don zuciyar aka rubuta shi, miligiram 10 kullum. Wanda za a sauya wa Zestril da Entresto kuwa, sai an bar awa 36 tsakani, in ba haka ba harshe da maƙogwaro suna iya kumbura su toshe numfashi.

Sai sikeli, wanda aka fi rainawa. Ana gwada nauyi kowace safiya, bayan fitsari, kafin karin kumallo, a sikeli ɗaya da kaya iri ɗaya. Ƙarin kilo 2 cikin kwana 3 ruwa ne ke taruwa, ba ƙiba ba, kuma yakan riga kumburin ƙafa bayyana. Kwafo nauyin jiya a rubuta a gurbin yau ya fi barin gurbin fanko illa.

Inda nas Bahaushiya ta fi kowa amfani a Makka, Madina ko Jidda shi ne wajen tambaya, amma nan ma ake sakaci. Ka ce wa dattijuwa, "Hajiya, kina cin gishiri?" za ta ce ta daina tuni, kuma gaskiya ta faɗa. Tambayi dunƙule nawa ake jefawa a miya, da kanwar da ke cikin miyar kuka, da yajin da ake barbaɗawa. Duk sinadarin gishiri ne a ciki, alhali ba a son gishirin da ake ci ya wuce giram 5 a yini. Haka lissafin ruwa: ga wanda likita ya ƙayyade wa lita ɗaya da rabi zuwa biyu, shayi da laban (nono) da kunu duk suna ciki. Zamzam ma yana ciki. Galan ɗinsa na nan gefen gado, majinyaci na kurɓa don tabarruki, babu mai rubutawa. A auna masa a kofi mai ma'auni, a saka a lissafi.

Akwai kuma alhajin da ke tsallake Lasix, maganin da ke fitar da ruwa ta fitsari, ranar da zai je Harami don kada alwala ta yi ta karyewa. Faɗa ba ya gyara wannan. A nemi likita ya matsar da lokacin sha zuwa bayan dawowa. Ƙayyade ruwan ma ba kowa ake yi wa ba. Mai shan Lasix da Forxiga da ke yawo cikin zafin ranar Mina yana iya bushewa, jini ya sauka, ƙoda ta taɓu.

Voltaren da Brufen na ciwon gwiwa bayan ɗawafi suna riƙe ruwa da gishiri, suna raunana ƙoda. A duba jakar majinyaci, a koma Panadol.

Mai shan Aldactone ana duba masa fotasiyam da aikin ƙoda bayan mako 1 da mako 4 da farawa. In fotasiyam ya haura 5.5, a sanar da likita kafin a miƙa ƙwaya. A tambayi "gishirin masu hawan jini" da 'ya'ya suka sayo, don fotasiyam ne a cikinsa, da yawan dabinon da ake ci, musamman da azumi.

Allurar Lasix ta jijiya a hankali ake tura ta, kada ta wuce miligiram 4 a minti, saboda gaggawa na taɓa ji. Iskar oksijin kuma sai ma'aunin oksijin na jini ya sauka ƙasa da kashi 90.

Ranar sallama, miƙa takarda da Larabci ga wanda Hausa kaɗai yake ji bai isa ba. A sa shi ya maimaita da bakinsa: wane magani da safe, yaushe zai hau sikeli, me zai gani ya dawo. A ba shi ranar ganin likita cikin mako 1 zuwa 2. Alhajin da jirginsa zai tashi kafin nan, a rubuta masa sunayen magunguna da awonsu da nauyinsa na ranar, ya kai wa likitan gida.