Kurakuran da ke sa albashi ya ƙare kafin wata

Akwai gidajen da miji da mata duk suna aiki, ba sa almubazzaranci, amma kuɗi ba sa kai su ƙarshen wata. Sau da yawa a lissafi ɓarakar take.

Da yawa suna ɗaukar wata a matsayin mako huɗu. Mako huɗu kwana 28 ne kawai. Shekara tana da mako 52, alhali huɗu sau 12 ya tsaya a 48, wato cefanen mako huɗu cur ba ya cikin kasafin. Gyaran shi ne a ninka kuɗin cefanen mako sau 52, a raba gida 12.

Wanda ya fi wannan illa shi ne mantawa da hidimar da ba ta zuwa duk wata: kuɗin makaranta, hayar da ake biya a dunƙule, gyaran abin hawa, kayan sawar yara. Ranar biya ta zo, sai a ce abu ya zo bagatatan, alhali tun bara aka san da shi. A rubuta kowanne da adadinsa da watan biyansa, a raba gida 12, a tura kason cikin asusu na daban ranar da albashi ya shigo, ba bayan an gama kashewa ba. Amma a kula, idan saura wata biyar a biya, gida biyar za a raba a zagayen farko. Nan ne mutane ke tuntuɓe, su ce dabarar ba ta aiki.

Sai bashi. Mai neman rance yakan tambayi nawa zai riƙa biya a wata, ya manta da jimillar abin da zai mayar. Ruwan kashi 10 cikin ɗari a wata, idan yana hauhawa a kan kansa, cikin shekara guda bashin ya ninka fiye da sau uku. A jera basussukan, a biya mafi ƙarancin abin da aka wajabta a kowanne, rarar duk a zuba wa mai ruwa mafi tsada. In biya zai gagara, a nemi mai bashin kafin ranar, ba bayanta ba.

Wajen tsuke bakin aljihu kuma, ana yawan farawa da ƙananan abubuwa, gida ya cika da ƙorafi, giɓin na nan. Abin da ke cin kashi 30 cikin ɗari na kuɗin da ake samu, in aka rage kashi 10 cikin ɗari na abin da ake kashe masa, an ceto kashi 3 na samun. Wanda ke cin kashi 1, ko an daina shi ɗungurungum, ɗayan nan kawai aka samu. Muhalli, abinci da sufuri za a fara dubawa, kuma gida mai araha a nesa sai an haɗa shi da kuɗin mota kafin a kira shi mai araha.

Masu ƙarin sana'a su daina ƙirga ciniki a matsayin riba. A cire kuɗin saro kaya, sufuri, abin da ya lalace da bashin da ba a biya ba. Abin da ya rage kaɗai ne zai shiga kasafin gida.